Taku Sittin da Uku Daga Famfo

Shekara arba'in da shida Baba Maidiga ya yi yana haƙa kabari a babbar maƙabartar gari, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa dawowa ya ce aikin bai yi ba. Shi da kansa yake faɗar haka idan masu makoki suka fara koya masa sana'arsa. Kowa gwani ne a bakin rami. Mutumin da bai taɓa riƙe shebur ba, da ya ga an ajiye gawar kawunsa sai ya zama magini: a ƙara faɗi, a rage zurfi, gefen nan ya karkace. Baba Maidiga sai ya ɗago kai, ya share gumi, ya ce, "Tambayi mai ɗakin. In ya ce ya matse shi sai a gyara."

Aikin kwana biyu aka kira shi ya yi, yana ɗan shekara sha tara, a shekarar da annoba ta shigo gari masu haƙa suka kasa. Annoba ta tafi, shi ya zauna. Bai iya karatu ba, bai kuma taɓa jin ya yi asara ba, domin ya binne masu karatu da yawa kuma raminsu bai fi na kowa tsawo ba. Aka ba shi ɗaki ɗaya a jikin katanga, tsakanin ma'ajiyar kayan aiki da wani ofis da ba a taɓa ganin ma'aikacinsa kafin azahar ba. A ɗakin nan ya yi aure, a nan aka haifa masa 'yarsa tilo, wadda ta koyi tafiya tana dafa kaburburan mutane.

Maƙabartar gida biyu ce, Gangare da Tudu. Da can, lokacin da wurin yake bayan gari, ƙofa a Gangare take, bakin titi, saboda haka a nan ake sa manya, kusa da ƙofa, don kada takalman masu rakiya su sha wahala. Talaka ne ake hawa da shi Tudu, tunda ya saba da wahala, masu ɗaukarsa ma sun saba. Sai shekarar ambaliya ta zo, yau shekara talatin. Ruwa ya kwana uku a Gangare, ya kwashe alluna, ya narkar da duk ginin da aka yi da rowar siminti, ya bar wurin sumul kamar an share tsakar gida. Nan manya suka gane ashe Gangare ba wurin mutumin kirki ba ne. Aka toshe tsohuwar ƙofa, aka buɗe sabuwa a Tudu, masu hali suka koma sama, aka sauko da talaka ƙasa. Waɗanda suka riga suka kwanta dai ba a nemi shawararsu ba.

A Tudu ake kai baƙo ya ga abin kallo. Ga Babban Alƙali, an kewaye shi da sarƙa, kafaɗa da kafaɗa da wani ɓarawon awaki da ya taɓa ɗaurewa shekara bakwai, wanda ya riga shi zuwa tun Tudu tana ta talakawa. Baba Maidiga ne ya haɗa su, ya ce yanzu sai su ƙarasa shari'ar babu lauya. Ga Likita, majinyatansa sun sa shi a tsakiya. Ga Attajiri, an shimfiɗa masa tayil irin wanda ɗakin haihuwa na asibiti bai taɓa gani ba. 'Ya'yansa sun ziyarce shi sau biyu, ranar da aka binne shi da ranar da suka zo duba ko tayil ɗin zai ciru. Ga kuma ɗan kokawar da ake cewa bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba, yau shekara ashirin yana kwance a kan bayan nasa bai ce uffan ba.

A Gangare kuwa babu allo, babu sarƙa, sai Baba Maidiga. Rajistar da ake rubuta sunayen matattu tana ofis, a cikin wani kabad na katako, kuma gara ta karance ta tas daga bango zuwa bango. Ita kaɗai ce a garin ta taɓa nuna sha'awar tarihi. Abin da ya rage shi ne wani famfo a tsakiyar Gangare, wanda Babban Injiniya, mutumin da ya fara jawo wa garin ruwan famfo, ya sa aka kafa. Famfon ya daina ba da ruwa tun kafin 'yar Baba ta yi aure, amma kullum yana nan tsaye a wurin aikinsa kamar kowane ma'aikaci mai jiran fansho. Daga gindinsa Baba yake ƙirga kowa. Mai gyaran agogo, taku sha bakwai wajen faɗuwar rana. Matar direba da tagwayenta, taku talatin wajen katanga. Shi kansa Babban Injiniya, da aka binne shekara uku kafin ambaliya, ruwa kuma ya tafi da allonsa babu wanda ya zo ya mayar, taku arba'in da ɗaya wajen fitowar rana. Mutum fiye da dubu Baba yake ɗauke da su a ƙafafunsa. In ka zo neman kakarka, sai ya tambaye ka shekarar da ta rasu da sana'arta, ya je ya jingina bayansa da famfo, ya lumshe ido, ya taka.

Taku sittin da uku wajen fitowar rana, matarsa ce.

Mai Wanki ake ce mata a gari, shi kuwa Barkono yake ce mata, kuma duk wanda ya taɓa jin bakinta bai tambayi dalili ba. Tun tana budurwa take wanki a gidajen manya, har da gidan Babban Injiniya, kuma ta san sirrinsu fiye da likitansu, domin babbar riga tana rufa wa mutum asiri amma zanin gado ba ya rufa wa kowa. Hannuwanta sun yi fari sun tsattsage saboda sabulu. Shekara talatin suka yi suna faɗa a kan abu ɗaya: ita ta wanke daɓe, shi ya shigo da jar ƙasa a ƙafa. Da ciwo ya kwantar da ita, shekara sha biyu ke nan, sai ta kira shi ta yi wasiyya da irin muryar da take aikensa sayen gawayi.

"Kada ka sa min allo. Wa zai karanta, kai?"

"To, Barkono."

"Ka dai bar wuri a gefena. Na san halinka, in ba a kusa da ni kake ba, da ƙasa a ƙafa za ka tashi ranar kiyama, ka kunyata ni."

Ya dasa mata darbejiya a wajen kai. A gefenta na dama ya kifa wani mataccen baro mara taya, duk wanda ya nemi wurin sai ya ce masa dutse ne a ƙasa, ba ya haƙuwa. Shekara sha biyu baron nan yana gadi. Wannan ɗan fili, kamu huɗu a kamu biyu, shi ne duk abin da Baba Maidiga ya mallaka a duniya, shi ma ba a rubuce ba. Yana kewarta ƙwarai, bai kuma ɓoye wa kowa ba. Kowace safiya kafin ya ɗauki diga sai ya je ya zauna a kan baron ya ba ta labarin gari, ya ji daɗin cewa yau ma shi ne ya yi maganar ƙarshe.

Ana nan sai maƙabarta ta cika shekara ɗari, hukumar gari ta tuna tana da matattu. Aka kafa kwamiti. Aka naɗa masa Ciyaman, wani tsohon ma'aikacin ofis mai santsin fuska, wanda ya shigo da hankici a hanci duk da cewa babu abin da yake wari a wurin sai turarensa. Za a buga littafin tarihi, za a gina sabuwar ƙofa, za a kafa alluna masu nuna hanya zuwa kaburburan manya. Ciyaman ya tsaya a bakin Tudu ya nuna Gangare da sandarsa.

"Baba, wancan fegin da babu kowa, za mu daidaita shi mu zuba kwalta. Baƙi za su riƙa zuwa, suna bukatar wurin ajiye mota."

"Ranka ya daɗe, akwai mutane a ciki."

"Su wa?"

"Akwai mai gyaran agogo. Akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ban sani ba ko har da kai. Akwai..."

"A'a, Baba, mutane nake nufi. Waɗanda aka sani."

Don kada a ce an yi zalunci, kwamiti ya buga sanarwa a jarida, cewa duk mai ɗan'uwa a Gangare ya zo da shaida cikin mako uku. Dangin mutanen Gangare kuwa ba sa ganin jarida sai in an ƙunso musu kaya a cikinta. Baba Maidiga ya wanke ƙafa, abin da Barkono ta mutu tana roƙo, ya sa rigarsa ta fita, ya tafi ofishin hukuma neman a bar masa kabari ɗaya. Magatakarda ya ce ya kawo takardar shaidar binnewa daga rajista. Ya ce gara ta cinye rajistar. Magatakarda ya ce to, sai ya kawo takardar da ta nuna gara ta cinye ta. Sau uku ya je. A na ukun aka ce masa katafila za ta shiga ranar Litinin, aka kuma gode masa da zuwa.

Sai dai akwai ƙashi ɗaya da ya tsaya wa kwamiti a wuya. Littafin tarihi yana da babi guda cur a kan Babban Injiniya, kuma ɗansa, wanda ya ɗauki nauyin gina sabuwar ƙofa, ya aiko cewa zai zo ranar Asabar ya ga kabarin mahaifinsa. Aka duba Tudu sama da ƙasa ba a same shi ba. Da aka gane a Gangare yake, a fegin nan da babu kowa, sai muryar Ciyaman ta yi laushi kamar an jiƙa ta.

"Baba namu, ai kai ne tarihin wurin nan. Ka nuna mana inda yake mu kewaye shi, sauran sai katafila."

Ranar Asabar da hantsi Ɗan Injiniya ya iso, ƙaton mutum mai furfura a gefen kunne da baƙin tabarau. Baba ya tuna shi. Shekara talatin da uku da suka wuce yana karatu a wata ƙasa, ya iso kwana uku bayan an binne uban, ya tsaya minti biyar a rana, ya tafi, bai sake waiwayowa ba. Yanzu ga shi da 'yan kwamiti da mai ɗaukar hoto, duk suna kallon wani tsoho ya jingina bayansa da busasshen famfo.

Baba ya lumshe ido, ya taka. Goma. Ashirin. Talatin. Da ya kai arba'in da ɗaya ƙafarsa ta tsaya da kanta, domin ƙafa ba ta san siyasa ba. Ga mutumin nan a ƙarƙashinsa, shi ya haƙa masa, ya tuna har jijiyar bishiyar da ya sare a wajen kai. Rayayyu kam ya sha yi musu ƙarya, amma bai taɓa yi wa mamaci ba. Ya ji tsoron Allah, ya ji kunya. Sannan ya tuna katafila. A zuciyarsa ya ce, ka yafe ni Yallaɓai, kai ka ci zamaninka da rai. Ya yi kamar ƙaya ce ta soke shi, ya duba tafin ƙafa, ya ci gaba da takawa. A sittin da uku ya tsaya, ƙarƙashin darbejiya, ya buɗe ido.

"Ga shi nan."

Ɗan Injiniya ya cire tabarau. Ya dubi bishiyar, ya dubi ƙasa.

"Na gane wurin," ya ce. "Wallahi na gane bishiyar nan. A inuwarta na tsaya."

Bishiyar shekararta sha biyu. Babu wanda ya ga dalilin kawo wannan magana, mai hoto kuwa ya riga ya durƙusa. Ɗan Injiniya ya zube a kan gwiwa da farin yadinsa ya yi kuka, kuma kukan gaske ne, irin na mutumin da ya makara shekara talatin. Baba ya tausaya masa. Amma ya lallashi kansa da cewa hawayen bai faɗi a banza ba: matar da take kwance a nan ita ta wanke wa wannan ƙaton jiƙaƙƙen zanin gadonsa kowace safiya har ya kai shekara goma, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba sai mijinta.

"A kwashe wannan bolar," in ji Ciyaman, yana nuna baron. "A haɗa filin cikin shinge, ya yi wurin ajiye furanni."

Ranar Litinin katafila ta shiga. Baba ya zauna a gindin famfo, wanda aka bari don tarihi, yana kallo yana kiran sunayensu a ransa ɗaya bayan ɗaya, duk inda bakin ƙarfen ya bi. Mutum dubu aka ba shi amana, guda ɗaya ya iya fitarwa, ita ma da sata. Ya yi baƙin cikin da bai yi ba tun ranar da ya binne Barkono. Cikin wata biyu Gangare ta zama shimfiɗaɗɗiyar kwalta mai farin zane, kuma aka yi dace wurin da aka ware wa motar babban baƙo ya faɗa daidai taku arba'in da ɗaya daga famfo. A tsakiyar kwaltar, kamar tsibiri, ga darbejiya, ga shingen ƙarfe mai fenti, ga farin dutse mai sheƙi ɗauke da sunan Babban Injiniya da ruwan zinariya. Aka ba Baba makullin shingen da wata hula mai baki.

'Yarsa, wadda take ɗinki a kasuwa, ta zo da yamma ta tsaya ta riƙe ƙarfen shingen da hannu biyu. Ita ta yi makaranta, ta karanta allon tun daga sama har ƙasa. Bakin uwarta ta gado.

"Baba, me ka yi?"

"Na yi mata gini. Ko matar gwamna ba ta samu irinsa ba."

"Ka ba da uwata aro. In zo gaida uwata in tarar da sunan wani ƙato a kanta?"

"Ita ta ce kada a sa mata allo. Ban sa mata ba. Wannan na wani ne."

"Kada ka yi min wayo, Baba."

Ya nuna mata kwaltar da leɓe. "Ga sauran can. Zaɓi, ki zo ki same ta a nan da sunan wani, ko ki zo ki same ta a ƙarƙashin taya da sunanta."

Ta yi kuka, ta share, ta karɓi tsintsiya ta share ganyen da ya zuba a kan dutsen. Ba ta yafe masa a ranar ba, amma ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta.

Daga nan duk shekara ake taro. A kafa rumfa, a jera kujeru, a kawo lasifikar da take ƙara kamar an taka wutsiyar kare. Ɗan Injiniya ya zo ya ajiye motarsa a kan mahaifinsa, ya taka da furanni zuwa wurin mai wankin gidansu. Ciyaman ya miƙe ya yi jawabin awa guda a kan wanda yake kwance a nan, bawan al'umma, wanda hannunsa bai rabu da ruwa ba har ya koma ga Allah, wanda ya tsabtace garin nan ba tare da an gode masa ba. Baba Maidiga yana tsaye a baya da hularsa mai baki yana gyaɗa kai, domin tunda yake bai taɓa jin jami'in hukuma ya faɗi gaskiya mai yawa haka a tsaye ɗaya ba. Ɗaliban makaranta suna zuwa da littattafai su kwafi allon. Wata mata ma ta riƙa ɗibar ƙasar wurin tana kai wa ɗanta mai jarrabawar lissafi. Barkono ko ƙirgen canji sai da yatsu take yi.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin gwani ne ya haƙa shi, ya yi shekara biyar bai rufta ba. Baba har ya saki jiki. Filin gefenta yana nan cikin shinge, babu kowa a kai sai busassun furanni, makulli kuma yana aljihunsa. Yana ganin in ranarsa ta zo abokan aikinsa za su san dabarar da za su yi. Bai taɓa zama ya tambayi kansa wace dabara ba ce za ta shigar da mahaƙin kabari cikin shingen Babban Injiniya.

Wata Laraba da sassafe, yana zaune a bakin dutsen yana ba ta labarin tsadar sabulu, sai ga motar Ciyaman. Ya fito babu hankici.

"Baba, an yi rashi. Ɗan Injiniya ya rasu jiya a asibiti. Ya bar wasiyya a rubuce, a sa shi a gefen mahaifinsa, hannun dama. Ƙarfe huɗu za a kawo shi."

Baba ya dubi filin.

"Ranka ya daɗe, dutse ne a ƙasan nan. Ba ya haƙuwa. Kowa ya sani."

"Ba komai, sai a kawo injin fasa dutse. Yanzu zan buga waya."

Baba ya san injin nan. Ya ga yadda yake cin ƙasa, ba ya sanin iyakar rami, ba ya sanin maƙwabci. Tsakanin filin da haƙarƙarin Barkono bai fi kamu ɗaya ba.

"A bar injin," ya ce. "Zan gwada da hannu."

Ya aika aka kira 'yarsa. Ta zo da zare a jikin zaninta, ta same shi ya cire hula ya tuɓe riga yana wasa bakin diga.

"Ka faɗa musu gaskiya, Baba. Yau ce ranar. Ka ce ubansa yana can ƙarƙashin kwalta, su je su sa shi a can."

"In na faɗa, me za su yi?"

"Su ji kunya."

"Kin taɓa ganin kwamiti ya ji kunya? Za su fasa kwalta su nemo nasu, su ɗauke dutse da shinge su kai masa. Nan kuma su sare bishiya su zuba kwalta, don wurin mota ɗaya ya ragu dole a mayar. Ni su kore ni, wannan ba komai. Ita fa?"

"To wurinka fa? Shekara sha bakwai kana gadinsa. Ita ta ce ka bar shi."

"Ta ce in bar wuri. Na bari." Ya gwada kaifin digar da babban yatsa. "Ba ta ce ga wanda zai shiga ba."

Wannan karon 'yar ba ta ce ya yi mata wayo ba, domin ta ga fuskarsa.

Abokan aikinsa suka zo da shebur za su taya shi, ya ce su koma. Yana da shekara saba'in, rabonsa da haƙa rami shi kaɗai an daɗe. Ya auna da igiya, ya ja layi, ya sara. Ƙasar ta buɗe masa kamar garin tuwo, ja, mai laushi, babu ko tsakuwa, yadda ya san za ta yi tun ranar da ya zaɓe ta. Ya haƙa a hankali, yana hutawa, yana kakkaɓe gefen hagu da tafin hannu don kada ko ɗan ƙulli ya zube ta wajenta. Ya daidaita kusurwa huɗu, ya share ƙasan da tsintsiya. A shekara hamsin da ɗaya na aikinsa bai taɓa yin rami mai kyan wannan ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda ya daɗe yana haƙa shi a ransa. Da ya gama sai ya ga ashe da tsawon kansa ya auna. Dole ya sake sauka ya ƙara taƙi ɗaya a wajen ƙafa.

Ciyaman ya leƙo da azahar. "Baba, ina dutsen?"

"Ya ji wanda zai zo, ya kauce."

Ciyaman ya ciro alƙalami ya rubuta. Da yamma ya maimaita zancen a lasifika, mutane suka yi ta girgiza kai, kuma an ce zai shiga littafin tarihi in an sake bugawa.

Aka yi jana'iza ta manya. Motoci suka cika kwalta har titi, aka bar wurin babban baƙo babu kowa don girmamawa, wanda shi ne karo na farko cikin shekara biyar da Babban Injiniya ya samu ya huta a ranar taro. Aka sauke Ɗan Injiniya, aka rufe, aka yi jawabi a kan ɗa nagari da ya koma gefen mahaifinsa. Kafin rana ta faɗi kowa ya watse, aka bar kujeru da robobin ruwa.

Baba ya shiga shingen, ya tsuguna a wajen kanta, ya tsince furannin da suka faɗo mata daga na maƙwabci.

"Barkono, ga baƙo na kawo miki. Kin san shi, kin san halinsa da dare. Ki yi haƙuri da shi."

Ya kulle shingen. Ya kama hannun 'yarsa ya kai ta gindin famfo, ya sa ta jingina bayanta, ya ce ta taka yana ƙirgawa. Da ƙafarta sittin da takwas ne. Ya sa ta maimaita har sau uku, ya ce ta riƙe, domin allo na ruwa ne, rajista ta gara ce.

"Kai fa, Baba?" ta ce. "Ina za a sa ka?"

Ya nuna can ƙarshen Tudu, bayan ma'ajiyar kayan aiki, inda ake zubar da busasshiyar ciyawa. A nan kaɗai fili ya rage wa irinsu.

"Akwai nisa," ta ce.

"Taku ɗari huɗu da sha biyu daga wurinta. Na ƙirga ɗazu, lokacin da suke jawabi." Ya dubi ƙafafunsa, jar ƙasa ta bushe a kansu har ƙauri. "In ranar ta zo, ki tsaya a kansu su wanke min ƙafa sosai. Ba ta kusa da za ta tuna min."